Yadda ake auna ayon a harshen wutar yankan ƙarfe da yadda ake lissafa su

Harshen wutar oksijin da gas da ake yanka ƙarfe da shi yana ɗaukar lantarki, saboda akwai ayon a cikinsa, wato ƙwayoyi masu cajin lantarki. Abin da yake ɗauka kaɗan ne, 'yan gomman maikro-amfiya idan an ɗora masa bolt 10, amma wannan kaɗan ɗin yana sauyawa idan nozul, wato bakin da wutar ke fitowa, ya matso kusa da ƙarfe, yana sauyawa idan an ƙara oksijin, yana kuma sauyawa idan ƙarfen ya yi ja. Ke nan wutar da kanta za ta iya zama na'urar awo, ba sai an rataya wani abu kusa da tartsatsi da narkakken ƙarfe ba. Christopher Martin na Jami'ar Jihar Pennsylvania, reshen Altoona a Amurka, yana cikin waɗanda suka yi aiki mai zurfi a kan haka. Wannan jagora ta tanadi yadda ake haɗa kayan awon, yadda ake karanta abin da ya fito, da yadda ake gina lissafin da zai bayyana shi.

Daga ina ayon ke fitowa

Zafi kaɗai bai isa ba. Wutar asetilin da oksijin tana kai kusan digiri 3,100 a ma'aunin Salsiyos, ta furofen kusan 2,800, amma a wannan zafi ƙarfin motsin ƙwayoyin iska bai kai rabin ilaktaron-bolt ba (ma'aunin ƙarfi ne na ƙwayoyi), alhali cire ilaktaron daga ruwa ko oksijin yana buƙatar fiye da 12. Mafi yawan ayon daga haɗuwar sinadarai suke: a cikin ƙaramin mazugin nan mai shuɗi da ke bakin nozul, CH, wato guntun gas mai kabon ɗaya da haidurojin ɗaya, yana haɗuwa da ƙwayar oksijin O su ba da ayon CHO⁺ da ilaktaron guda. Nan take CHO⁺ ke miƙa furotonsa ga tururin ruwa, a samu H₃O⁺ da CO. Saboda haka H₃O⁺ ne ke rinjaye da zarar an fita daga mazugin. Aikin H. F. Calcote na farkon shekarun 1960 ya taimaka ƙwarai wajen tabbatar da wannan hanya. Tsantsar wutar haidurojin, da yake ba ta da CH, ayon ɗinta ba su taka kara sun karya ba.

Akwai hanya ta biyu, kuma ita ce ke ɓata awo. Sodiyam yana sakin ilaktaron a 5.14, fotasiyam a 4.34, baƙin ƙarfe a 7.90 na ilaktaron-bolt. Biyun farko zafin wutar ya ishe su, kamar yadda lissafin Meghnad Saha na 1920 ke nunawa. Gumin hannu a kan faranti, ƙurar hunturu, ko ragowar sabulun da aka gwada yoyon gas da shi, kowanne na iya ninka abin da kake gani. Da ka ga harshen ya ɗauki launin ruwan ɗorawa, kashe, ka goge, ka sake.

Abu na ƙarshe da za a riƙe kafin a taɓa waya: H₃O⁺ ya fi ilaktaron nauyi kusan sau 35,000, kuma a filin lantarki iri ɗaya ilaktaron ya fi shi gudu sau ɗaruruwa. Duk siffar awon da za ka samu daga wannan bambanci ta fito.

Haɗa kayan awo

Kan yanka, wato ƙarfen da ke ɗauke da nozul, shi ne gefe ɗaya na da'irar lantarkin, farantin ƙarfe shi ne ɗaya gefen, wuta ce ke tsakaninsu. Don haka dole a raba kan yanka da jikin injin. Sa zoben teflon ko na seramik a maɗaurin, ka bi tiyo har zuwa silinda ka tabbatar babu saƙar waya a jikinsa, domin wasu tiyo an yi su ne su ɗauki lantarki kaɗan. Farantin kuwa ɗaure shi da waya mai kauri zuwa sifirin da'irarka, a wurin da aka kankare tsatsa.

Kana buƙatar tushen lantarki mai iya hawa da sauka daga −10 zuwa +10 na bolt, da rezista ta awo mai kilo-om 10 a jere da kan yanka, da na'urar ɗaukar bayanai mai karanta aƙalla sau 2,000 a daƙiƙa. Maikro-amfiya 50 a kan wannan rezista za ta ba da rabin bolt, abin da kowace na'ura mai kyau za ta gani. Ita ce kuma ke tsare da'irar idan nozul ya taɓa faranti, don a lokacin abin da zai bi bai wuce mili-amfiya 1 ba.

Wurin da aka fi faɗawa shi ne auna bolt ɗin kan yanka. Idan ka jona na'ura mai turjiyar mega-om 1 kai tsaye a jikinsa, a bolt 10 ita kaɗai za ta sha maikro-amfiya 10, kuma wannan zai bi ta rezistar awo ya shiga lissafinka a matsayin na wuta. Mita mai mega-om 10 ma tana shan 1. Mafita biyu ce: ko ka auna bolt a gefen tushe ka cire abin da ya faɗi a kan rezista, ko ka sa amfilifaya mai shigar FET, wadda kusan ba ta shan lantarki, a tsakani. Ta farkon ta fi sauƙi kuma ta isa.

Kafin kunna wuta, gudanar da awon gaba ɗaya da gas a rufe. Abin da ya kamata ka gani shi ne layi kwance a kan sifiri. Don yoyon lantarki ya tsaya ƙasa da maikro-amfiya 0.1 a bolt 10, turjiyar rabewar sai ta wuce mega-om 100. Maimaita wannan gwaji bayan an kashe wuta, domin konewa tana haifar da ruwa, ruwan yana taruwa a gefen faranti mai sanyi ya gangara kan abin rabewa, baƙin hayaƙi ma yana kwanciya a kai. Idan layin bayan aiki ya karkata, awon wannan zama ya gurɓata, kuma ba a gyara shi da lissafi.

Wutar layi tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa a Najeriya da Nijar da Turai, 60 a Amurka, kuma doguwar waya mai ɗaukar ƙaramar sigina tana kwasar wannan kaɗawa. Yi amfani da waya mai sulke, ka jona sulken a gefe ɗaya kawai, ka ɗauki matsakaici a kan mili-daƙiƙa 20 ko ninkinsa. Janareta ba ya tsayawa daidai a kan 50, don haka batir ya fi dacewa da da'irar awo. Kada wani ya yi walda ta lantarki a kan tebur ɗaya yayin awo.

Batun gas ba a yi masa sassauci. Sa makarin komawar wuta a layukan biyu. Kada mai ko giris ya kusanci oksijin. Asetilin kada ya wuce bar 1, wato fam 15 a agogon regulato, kuma kada a haɗa layinsa da bututun tsantsar jan ƙarfe, domin suna haifar da sinadari mai fashewa. Sa mitar kwarara a kowane layi, don agogon matsi ba ya gaya maka yawan abin da ke wucewa. Cikakkiyar konewa tana son oksijin 2 ga mesen 1, 2.5 ga asetilin 1, 5 ga furofen 1, ko da yake a aikace ana ba da ƙasa da haka ta nozul, iskar waje ta cika sauran. Gas ɗin girki cakuɗen furofen da buten ne wanda rabonsa ke bambanta daga silinda zuwa silinda, shi kuwa gas ɗin tukunyar kabaid da masu walda ke haɗawa matsinsa hawa da sauka yake yi. Ana iya ganin siginar da su, amma awon da za a kwatanta yau da gobe yana son gas ɗin da aka san abin da ke cikinsa.

Awon farko: bolt da kwarara

Fara da farantin jan ƙarfe mai kauri da ruwa ke sanyaya shi ta ƙasa. Ba ya cin wuta, ba ya yin ja, saboda haka abin da ka gani na wutar ne zalla. Kunna wutar ɗumamawa kaɗai, ban da oksijin yanka da ke fita ta ramin tsakiya, ka bar nozul ya yi minti biyu ko uku zafinsa ya daidaita. Tsayar da tazarar nozul da faranti a milimita 6. Aika bolt mai hawa da sauka a miƙe, sau 5 a daƙiƙa, ka ɗauka na daƙiƙa 10. Wannan saurin ya dace: waya mai mita 5 tana da kusan fiko-farad 500, kuma hawan bolt 200 a daƙiƙa zai jawo ƙarin maikro-amfiya 0.1 ne kawai. Idan ka ga layin hawa da na sauka sun rabu sun yi baki, rage saurin.

Zana kwararar lantarki a tsaye, bolt a kwance. Za ka ga kashi uku.

A tsakiya akwai layi miƙaƙƙe mai gangara. A nan wuta tana aiki kamar rezista, ilaktaron ne ke ɗaukar kusan komai, kuma gangarar ita ce turjiyar ginshiƙin wutar daga nozul zuwa faranti. Wannan kashi shi ke bin tazara. Layin ba ya ratsa sifiri daidai, kuma ba laifin na'ura ba ne: ilaktaron suna rigan ayon isa kowace fuskar ƙarfe, sai wutar ta ɗan ɗara ƙarfen a bolt, kuma ɗarawar ba ɗaya ba ce a fuskokin biyu.

A gefuna biyu layin yana kwantawa, kwararar ta ƙoshi, wato ƙarin bolt ba ya ƙara ta sosai. Ƙa'idar ɗaya ce a kowane gefe: fuskar da ke negatib tana korar ilaktaron, sai ta dogara ga ayon masu nauyi, kuma ba za ta samu fiye da abin da aka kawo mata ba. Kusa da ita wani siririn kube yana buɗewa wanda babu ilaktaron a ciki, kuma duk ƙarin bolt a cikinsa yake ƙarewa. Idan kan yanka ne negatib, ayon sai sun yi iyo gaba da iska su koma nozul, don haka wannan gefe yana ba da labarin mazugin ciki da rabon gas da oksijin. Idan faranti ne negatib, iska ce ke kawo masa ayon, kuma wannan gefe yana ba da labarin fuskar faranti. Duk wanda bai tambayi kansa wace fuska ce negatib ba kafin ya fassara awo, zai jingina wa tazara abin da gas ya yi.

Yanzu sauya abu ɗaya a lokaci guda. Tazara daga milimita 3 zuwa 12, ɗaya-ɗaya, gas bai motsa ba. Sannan tsayar da tazara ka sauya rabon oksijin, jimillar kwarara ba ta motsa ba. Sannan jimillar kwarara. Bayan haka ne za ka sa farantin ƙarfe mai taushi. Sa ido a kan gefen da faranti ke negatib yayin da yake ɗumama zuwa wajen digiri 870 ko 900, inda ƙarfe ke kamawa da oksijin. Kwararar wannan gefe tana tashi, tana kuma yin tsalle-tsalle, saboda fuska mai zafi tana sakin ilaktaron da kanta kuma ƙazantar da ke kanta tana ƙonewa. Fenti, tsatsa da ɓawon masana'anta suna sauya wannan sosai, don haka rubuta yanayin fuskar kowane faranti.

Don auna tazara yayin aiki ba sai an zagaye duk zanen ba. Zaɓi ƙananan kwarara biyu da ke cikin layin tsakiya a zanenka, ka riƙa musanya su, ka raba bambancin bolt da bambancin kwarara. Wannan yana ba da turjiya, ya kuma kawar da karkatar sifirin nan. Sai dai ma'aunin da aka gina a kan lafiyayyen faranti ba ya aiki a bakin faranti ko a kan tsagar yanka, inda rabin wutar ke wucewa ƙasa. Gina ma'auni na daban da oksijin yanka a buɗe, a kaurin ƙarfen da za a yi aiki da shi.

Leƙa cikin wutar da tsinken waya

Awon baya yana ba da jimilla. Don sanin inda ayon suke sai an tura waya ciki, dabarar da ta samo asali daga aikin Irving Langmuir na shekarun 1920. Matsalar ita ce wayar ba ta daɗewa. Filatinam yana narkewa a digiri 1,768, tangistan yana kai 3,422 amma oksijin mai zafi yana cinye shi. Hanyar ita ce a ratsa da gudu. Ɗaura waya mai kaurin milimita 0.25 a bakin faifai mai juyawa, ta leƙo waje. Idan daga tsakiyar faifai zuwa bakin waya milimita 100 ne, kuma yana juyi 300 a minti, bakin yana gudun mita 3.1 a daƙiƙa, zai ratsa wuta mai faɗin milimita 10 cikin kusan mili-daƙiƙa 3. Karantawa sau 50,000 a daƙiƙa za ta ba da kusan maki 160 a kowace ratsawa. Wannan gudu ƙarami ne a kan na iskar wutar, mai gomman mita a daƙiƙa, don haka ba ya rikita lissafi.

Riƙe wayar a negatib, misali −10 a kan kan yanka, ta tattara ayon. Idan ka mai da ita fozitib za ta zuƙi ilaktaron da yawa har ta sauya wutar da kake son aunawa. Burushin da ke kai lantarki ga faifai yana da hayaniya, saboda haka sa rezistar awo a gefen kan yanka inda kwararar ke komawa. Gwada juyi 200 da 400. Idan tsayin siginar ya bambanta, wayar tana yin zafi tana sakin nata ilaktaron, sai a ƙara gudu.

Wayar tana tara abin da ke duk tsawonta da ke cikin wuta. Matsar da faifan ciki da kwatan milimita kowane zagaye na awo, ka ɗauki matsakaicin ratsawa hamsin ko fiye a kowane zurfi, sannan bambancin zurfi biyu ya nuna abin da sabon guntun ya ƙara. Cire lamba daga lamba yana kumbura hayaniya, shi ya sa matsakaicin ya zama dole. Kada ka ɗauka wutar da'ira ce cikakkiya kusa da nozul: ramukan ɗumamawa a jere suke kewaye da ramin tsakiya, kowanne da mazuginsa.

Lissafin Langmuir na asali na iska ce mai ƙarancin matsi. A nan ƙwaya ba ta tafiyar maikron guda ba ta yi karo ba, don haka ana amfani da na Clements da Smy na wajen 1970. Idan kuben siriri ne a kan wayar, kwarara tana bin yawan ayon da gudun iska zuwa ƙarfin 3/4, bolt zuwa 1/2, sauƙin motsin ayon, wato yadda filin lantarki ke iya gudu da su, zuwa 1/4. Amfanin wannan a aikace: kuskuren kashi 10 a kwarara ya zama kusan 13 a yawan ayon, ninka sauƙin motsi yana rage amsar da kusan kashi 21 kawai, amma kuskuren gudun iska yana shiga gaba ɗayansa. Ƙoƙarinka ya tafi kan gudun iska. Ninka bolt ka duba: idan kwarara ta ƙaru sau 1.4, kuben siriri ne. Idan ta kusanci 1.6, ya yi kauri kamar wayar ko fiye, abin da ke faruwa a gefen wuta inda ayon suka yi ƙaranci, kuma ƙa'idar ta koma kusan ƙarfin 2/3.

Lissafin

Fara da takarda. Bayan mazugi, ayon da ilaktaron suna sake haɗewa, H₃O⁺ ya kama ilaktaron ya watse, da ma'auni α kusan 2×10⁻¹³ mita kubik a daƙiƙa. Idan iska na gudu U, yawan ayon n a nisan z daga mazugi yana bin 1/n = 1/n₀ + αz/U, inda n₀ shi ne yawansu a bakin mazugin. Ɗauki misali: n₀ = 10¹⁸ a mita kubik, U = 50. Rabin ayon sun tafi a kwatan milimita. A milimita 5 saura kusan 5×10¹⁶. Lura cewa a wannan nisa n₀ kusan bai da tasiri: ko an ninka shi, amsar ba ta motsa da kashi 3 ba.

Turjiya ita ce R = (z/n₀ + αz²/2U) a raba da eμA, inda e shi ne cajin ilaktaron, μ sauƙin motsinsa, A kuma faɗin ginshiƙin wutar. Da sauƙin motsin ilaktaron 0.5 da faɗin ginshiƙi milimita murabba'i 20, ana samun kusan kilo-om 34 a milimita 5 da kusan 130 a milimita 10. Iyakar abin da iska ke kawo wa faranti, e·n·U·A, ya kama kusan maikro-amfiya 8 a milimita 5. Waɗannan lambobin misali ne don ka san girman abin da kake nema. Idan awonka ya hau a hankali fiye da murabba'in tazara, dalilan da za a fara dubawa su ne ginshiƙin yana faɗaɗa, kuma ragowar gas yana ci gaba da ƙonewa a mazugin waje yana haifar da sababbin ayon.

Lissafin takarda ba ya ba da ƙoshi. Wannan sai kwamfuta, a layi ɗaya daga nozul zuwa faranti, da abubuwa uku da ba a sani ba: yawan ayon, yawan ilaktaron, da bolt. Kowane nau'i yana tafiya ta hanya uku, iska na ɗauke da shi, yana bazuwa, filin lantarki na jan sa. Sa haifuwar ayon a siririn yankin mazugi, sake haɗewa ko'ina, sannan lissafin Poisson ya ɗaure bolt da bambancin cajin biyu. Ma'aunin bazuwa ya fito daga D = μkT/e, inda T shi ne zafi, k ma'aunin Boltzmann, kuma kT/e yake kusan bolt 0.26 a Kelbin 3,000. A fuskokin ƙarfe sa yawan ya zama sifiri, bolt kuma abin da ka ɗora. Zafin wutar da abubuwan da ke cikinta ana samun su da manhajar Cantera.

Abin da ke karya wannan lissafi shi ne tsawon Debye, wato ɗan nisan da cajin ayon da na ilaktaron ke iya rabuwa, 69√(T/n) a mita, wanda a misalinmu bai kai maikron 4 ba, alhali tazara maikron 10,000 ce. Maki masu tazara ɗaya ba za su yi ba. Matse su ƙasa da maikron 1 a bakin kowace fuska da gefen mazugi, ka buɗa su a hankali, kowane taki kada ya wuce na baya da kashi 10. Yi amfani da tsarin Scharfetter da Gummel na 1969 wajen lissafa kwarara tsakanin maki, don tsarin tsakiya na yau da kullum yana haifar da yawan ayon ƙasa da sifiri. Warware ukun tare da hanyar Newton, ka fara daga bolt sifiri, ka riƙa ƙara 0.1, amsar baya ta zama mafarin ta gaba. Kusa da ƙoshi kuben yana faɗaɗa zuwa gomman maikron ko fiye, sai a sake jera maki su bi bakinsa. Jimillar kwararar ayon da ilaktaron dole ta zama ɗaya a kowane maki. Idan ta bambanta, laifin na lissafi ne.

Wajen daidaita lissafi da awo, kada ka saki duk ma'aunai lokaci guda, domin haɗe-haɗe da yawa za su ba da zane ɗaya. Ɗauki ƙarfin haifuwar ayon daga ƙoshin gefen nozul, ɗauki sauƙin motsin ilaktaron da faɗin ginshiƙi a matsayin abu guda daga gangarar tsakiya a tazara ɗaya, ka kulle su. Sannan ka sa lissafin ya faɗi abin da za a gani a tazara biyu da ba ka yi amfani da su ba, da ƙoshin gefen farantin jan ƙarfe mai sanyi. Farantin ƙarfe mai zafi yana buƙatar ƙarin sharaɗi na sakin ilaktaron a fuskarsa, kuma ana ƙara shi ne bayan na sanyi ya yi daidai.